Yadda Ake Koya wa Ma'aikatan Shagon Abin Sha Ɗanɗano Domin Sayar wa Matasa

Shagunan sayar da zoɓo, kunun aya, lemon tsamiya da lemon citta sun yawaita a birnin Kano, tun daga Zoo Road zuwa Tarauni, Nasarawa da kewayen Jami'ar Bayero, kuma mafi yawan masu sayen matasa ne: ɗalibai, sababbin ma'aikata da masu shirin biki. Irin waɗannan masu saye ba sa miƙa kuɗi kawai su karɓi gora su tafi. Suna tambayar abin da aka zuba a ciki, suna son sanin ko sukari ya yi yawa, suna kuma son a gaya musu bambancin wannan gorar da waccan. A nan ne shaguna da yawa suke faɗuwa, domin duk abin da aka tambayi yaron shago amsarsa ɗaya ce: "Akwai daɗi." Wanda bai taɓa ɗanɗana kayan da yake sayarwa da natsuwa ba, bai kuma san sunan abin da harshensa yake ji ba, ba zai iya zaɓa wa mai saye abin da ya dace da shi ba, ba zai kuma gane gorar da ta fara lalacewa ba kafin ta bar shago.

Tsarin da zan bayyana ya daɗe a hannun masu gonakin inabin da ake yin giya da shi a Faransa da Italiya, waɗanda suke horar da ma'aikatansu su duba, su shinshina, sannan su kurɓa, kuma da irinsa masu tantance ganyen shayi a Kenya da masu tantance gahawa a Habasha suke aiki. Mu a Kano ba ma mu'amala da giya, addini ya haramta ta, dokar jiha ma ta hana tun bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Amma horar da hanci da harshe ba mallakar masu giya ba ne, kuma na ga amfaninsa a kan zoɓo da kunun aya fiye da yadda mutum zai zata.

Kayan da za a tanada

Da farko a nemi ƙananan kofuna na gilashi masu haske, marasa zane, iri ɗaya, aƙalla shida ga kowane ma'aikaci. Idan babu na gilashi, kofunan roba masu haske na sha-ka-yar za su yi aiki, amma a shinshina su tukuna, domin wasu suna da warin roba da yake shiga abin sha. A tanadi farar takarda ko farin faranti da za a riƙa duba launi a kansa, da ruwan sha mai kyau wanda ba na firji ba, da burodi marar zaƙi ko gurasa zalla domin goge baki, da ƙaramin bokiti ga wanda yake son tofarwa. Ana buƙatar sikelin kicin mai auna giram, in kuwa babu shi a yi amfani da cokalin shayi, wanda idan aka cika shi da sukari aka shafe samansa yakan ɗauki kimanin giram 4. Sai gorunan rabin lita masu tsabta, da takardar mannawa da biro domin rubuta lamba, da littafi guda mai kauri wanda zai zama na shago, ba na wani ma'aikaci ba.

Daga kasuwa kuma a sayo busasshen zoɓo, aya, dabino, kwakwa, tsamiya, lemon tsami, citta ɗanya da busasshiya, kanumfari, masoro, kimba, kirfa, na'a-na'a, abarba, ganyen shayi, gishiri, sukari, 'yar kanwa da ɗan ganyen shuwaka. Kayan ƙamshin ana samun su a Kasuwar Rimi ko Kurmi, 'ya'yan itace a 'Yan Lemo, wanda kuma yake sayen zoɓo da buhu ya san hanyar Dawanau, inda ake tara zoɓon Jigawa da maƙwabtanta har ana fitar da shi zuwa Meksiko. Muhimmin abu shi ne kayan koyarwa su zama daidai waɗanda shago yake aiki da su kullum, kada a sayo na musamman domin ranar horo.

1. A zaɓi lokaci da wuri

Hantsi ya fi dacewa, kamar awa biyu bayan karin kumallo, lokacin da baki ya huta kuma ciniki bai kankama ba. Ɗakin ya kasance da hasken rana, nesa da kicin, nesa da hayaƙin janareta. A sanar da ma'aikata tun jiya cewa kada kowa ya zo da turare a jiki, ko humra, ko kayan da aka turara da turaren wuta, kada kuma a ci goro ko cingam ko a goge baki da man goge haƙori dab da zama. Wannan sharaɗin shi ne aka fi karyawa, kuma mutum ɗaya mai turare ya isa ya ɓata wa kowa zaman. Wanda yake mura a ɗaga masa zuwa wani mako, domin hancinsa ba zai ji komai ba. Kada zama ɗaya ya wuce minti arba'in, kada kuma a ɗanɗana abin da ya haura iri shida. A watan azumi, wanda shi ne lokacin da ciniki ya fi yawa, horon rana ba zai yiwu ba, saboda haka a kammala shi tun cikin Sha'aban.

2. A fara da ɗanɗano ɗaya-ɗaya a cikin ruwa

Kuskuren da masu koyarwa suka fi yi shi ne su fara da zoɓon shago kai tsaye. Zoɓo yana ɗauke da tsami, bauri, zaƙi da yaji a kurɓi ɗaya, kuma sabon ma'aikaci ba zai iya raba su ba sai ya san kowanne shi kaɗai. Don haka a haɗa goruna shida na rabin lita. A ta farko a narka cokali uku na sukari. A ta biyu a zuba rubu'in cokali na gishiri. A ta uku a matse lemon tsami guda. A ta huɗu a zuba kaɗan daga ruwan da aka murza shuwaka a ciki, gwargwadon yadda za a ji ɗaci ba tare da ya gagari kurɓa ba. A ta biyar a jiƙa ganyen shayi a ruwan zafi na minti goma ba sukari, a bari ya huce, wannan shi ne bauri. A ta shida a zuba ruwan ɗanyar citta da aka kankare aka tace.

A zuba wa kowa cokali biyu na miya daga kowace gora, ya kurɓa, ya juya shi a baki na ɗan lokaci, ya faɗi inda ya ji shi da yadda ya ji shi, sannan ya kurkure baki da ruwa kafin na gaba. Zaƙi da gishiri ba sa ba kowa wahala. Inda ake samun ruɗani shi ne tsakanin tsami, ɗaci da bauri, kuma a nan ya kamata a daɗe. Tsami yana tsinka yawu, mutum zai ji bakinsa ya cika da ruwa. Ɗaci yana zuwa a makare ya zauna a can ƙarshen baki. Bauri kuwa yana busar da baki, harshe da dasashi su yi kamar an goge su da tsumma, irin abin da ake ji bayan an tauna goro. Ma'aikacin da ya kira bauri da sunan ɗaci zai sa mai haɗawa ya ƙara sukari a banza, alhali maganin baurin zoɓo shi ne a rage lokacin da yake yi a ruwan zafi.

Daga nan a yi gwajin hanci. Kowa ya toshe hancinsa da yatsu biyu, ya tauna ganyen na'a-na'a ko ɗan guntun kirfa, sannan ya saki hancin yana cikin taunawa. Sai a lokacin ƙamshin zai bayyana. Wannan ya isa ya nuna musu cewa harshe abubuwa kaɗan yake ganewa, wato zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da irin daɗin nan na romon nama ko daddawa, sauran abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake kawo shi. Zanen nan da ake nunawa a wasu littattafan makaranta, mai cewa zaƙi a bakin harshe kawai ake jin sa, ɗaci kuma a bayansa kawai, ba daidai ba ne, kada a ɓata lokaci a kansa.

3. A horar da hanci

A zuba kayan ƙamshi ɗaya-ɗaya a cikin kofuna marasa haske: citta, kanumfari, masoro, kimba, kirfa, na'a-na'a, ɓawon abarba, ɓawon lemo, kwakwa, dabino da tsamiya. A ɗan dandaƙa masu ƙarfin, a rufe bakin kowane kofi da ƙyalle mai tsabta a ɗaure da roba, a manna lamba. Kowa ya shinshina sau biyu ko uku a gajarce, ya rubuta sunan abin da yake zato ba tare da ya yi magana ba, sai kowa ya gama a buɗe. Yin shiru yana da muhimmanci ƙwarai, domin da zarar babban ma'aikaci ya ce kanumfari ne, sauran duk kanumfari za su ji. Na sha ganin 'yan matan da suka tashi a kicin suna cinye wannan gwaji tun zaman farko, samari kuma suna rikita masoro da kimba, amma bayan maimaici kaɗan tazarar takan rufe. Idan hanci ya gaji, mutum ya fita waje ya sha iska na minti ɗaya.

4. A koya musu matakan ɗanɗana kayan shago

Yanzu a kawo abin da ake sayarwa. A jera daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, daga marar zaƙi zuwa mai zaƙi, a bar mai yaji a ƙarshe: misali zoɓo marar sukari, lemon tsamiya, zoɓon shago, kunun aya, sannan lemon citta. Idan aka fara da citta, duk abin da ya biyo baya zai zama lami. A fitar da gorunan daga firji minti goma sha biyar kafin zama, kada kuma a saka ƙanƙara, domin sanyi mai tsanani yana danne ƙamshi yana kuma rage jin zaƙi. Wannan ma darasi ne da ya kamata su gani da kansu: a ba su zoɓo ɗaya a kofi biyu, ɗaya mai sanyi ƙarara, ɗaya wanda ya huce, su ji yadda na biyun ya fi zaƙi alhali sukarinsu ɗaya. Mai haɗawar da yake gwada zaƙi yana da zafi a tukunya, da mai sayen da zai sha shi daga kula, ba abu ɗaya suke ji ba.

Mataki na farko dubawa ne. A karkata kofin a kan farar takarda. Zoɓo mai kyau ja ne mai zurfi da haske, idan ya koma ruwan ƙasa to ya daɗe a wuta ko busasshen zoɓon ya tsufa. A nan a nuna musu wani abu: a ɗiga ruwan kanwa a kofi ɗaya, a matsa lemon tsami a wani. Na kanwar zai yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi, tsaminsa ya kwanta, na lemon kuma zai ƙara ja. Sinadarin da yake ba zoɓo launi yana sauyawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki, kuma wanda ya ga wannan sau ɗaya zai riƙa gane zoɓon da aka cika wa kanwa tun daga nesa. Kunun aya kuwa fari ne mai ɗan duhu, kuma kwantawar da garinsa yake yi a gindin gora ba lalacewa ba ce, girgizawa kawai yake buƙata.

Mataki na biyu shinshinawa, bayan an ɗan juya kofin. Kowa ya nemo abu biyu daga cikin waɗanda ya sani a kofunan gwaji. Mataki na uku kurɓa: a riƙe a baki, a lura da abin da ya fara zuwa, da abin da ya biyo, da kaurinsa ko tsinkewarsa, sannan a haɗiye a jira a ji abin da ya rage. Kunun ayar da aka yi da ayar da aka ɗan soya yana barin garɗi a baki, lemon cittar da ta yi yawa yana barin maƙaƙi a maƙogwaro. Daga nan kowa ya ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan zaƙi, tsami, bauri, yaji da kauri, ya kuma rubuta jimla guda wadda zai iya faɗa wa mai saye. A hana kalmar "daɗi" a wannan jimlar gaba ɗaya.

Kafin a tashi, a yi musu tsanin sukari. A jiƙa giram 50 na busasshen zoɓo a kowace lita ta ruwan zafi na kamar minti ashirin, a yi lita biyu, a tace, a raba a goruna huɗu na rabin lita. Ta farko ba sukari, ta biyu cokali 5, ta uku cokali 10, ta huɗu cokali 15, wato giram 20, 40 da 60. A ɓoye lambobin, su jera su daga ƙasa zuwa sama. Sannan a gaya musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum yake ci a yini, wanda ga babba yake kamawa kimanin giram 50. Gora ta huɗu ita kaɗai ta zarce wannan. Ma'aikacin da ya san a wane mataki zoɓon shagonsu yake zai iya amsa tambayar sukari da gaskiya.

5. A nuna musu lalacewa

A ganina wannan matakin ya fi kowanne daraja, kuma shi ne aka fi tsallakewa saboda mai shago ba ya son ya ɓarnatar da kaya. Gora biyu ko uku kawai ake buƙata. A ɗauki zoɓo mai sukari da ruwan abarba a ajiye shi a wajen firji kwana ɗaya ko biyu, a sassauta murfin domin kada iska ta fasa gorar, a rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa ba na sha ba ne. A yi haka da kunun aya, wanda shi a zafin bazara awoyi kaɗan sun ishe shi, domin ba a tafasa shi: idan ya ji wuta sitacin ayar yakan kama ya yi kauri. Waɗannan gorunan shinshinawa kawai za a yi da dubawa, kada kowa ya kurɓa.

Abin da ake so su gane shi ne alamun tashi. Idan ruwa mai sukari ya zauna a ɗumi, ƙwayoyin yis da suke cikin iska da jikin 'ya'yan itace sukan cinye sukarin su fitar da iska da barasa. Gorar takan kumbura ta yi tauri, ta yi tsaki idan an buɗe, ƙananan kumfa su riƙa tasowa, warin kuma ya koma irin na ƙullun da ya kwana. Ga shagon Musulmi a Kano wannan ya wuce maganar ciwon ciki kawai, saboda haka doka ɗaya ce: gorar da ta kumbura zubar da ita ake yi, ba a mayar da ita firji, ba a kuma gauraya ta da sabon haɗi. Kunun aya da ya juya yakan yi tsami da yauƙi.

Sauran aibobin sun fi sauƙin shiryawa. A ɗauraye kofi da ruwan sabulu a bar shi bai fita sosai ba, a zuba zoɓo, su ji. A kawo ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi a haɗa ɗan zoɓo da shi. A nuna musu warin sabuwar jarka, da ƙaurin abin da ya kama a gindin tukunya, da warin hunhuna na zoɓon da aka ajiye a wuri mai laima, da yashin da yake kwanciya idan ba a wanke zoɓo an tace shi da kyau ba. Akwai kuma ɗanɗanon ƙarfe da yake fitowa idan zoɓo ko tsamiya suka daɗe a tukunyar dalma, domin tsami yana cin jikinta. Tukunyar ƙarfen nan marar tsatsa, wato stainless, ta fi dacewa da su, in kuwa babu, a juye da zarar an sauke.

6. Gwajin kofi uku

A zuba kofi uku, biyu daga gora ɗaya, na ukun daga wata gorar mai ɗan bambanci, misali wadda aka rage wa cokali biyu na sukari. Kowa ya nuna wanda ya fita daban. Mai cinke yana da damar dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka a maimaita ana sauya jeri kafin a yarda cewa mutum ya gane. Da wannan gwajin ake sanin wanda za a ba amanar ɗanɗana haɗin safe, da shi kuma ake yanke shawara idan an sauya mai kawo zoɓo ko ana son rage sukari: idan mafi yawan ma'aikata ba su gane bambancin ba, da wuya mai saye ya gane.

7. A mayar da abin da aka koya zuwa maganar ciniki

Duk abin da ya gabata ba shi da amfani idan ma'aikaci zai tsaya yana yi wa mai saye lacca. Matashin da ya tsayar da mai adaidaita sahu yana jiransa ba shi da lokacin jin tarihin kanumfari. Tambaya biyu ko uku sun isa: zaƙi ake so ko tsami, yanzu za a sha ko za a tafi da shi, da me za a ci. A raba ma'aikata biyu-biyu, ɗaya ya zama mai saye, su gwada, mai koyarwa yana saurare. Ga irin abin da ake nema:

"Sannu da zuwa, Hajiya. Mai zaƙi kike so ko mai ɗan tsami?"

"Ba na son sukari da yawa."

"To ga zoɓon nan mai na'a-na'a, sukarinsa rabin na wancan ne, tsaminsa yana fitowa, cittarsa kaɗan ce. Ko in ɗan zuba miki ki ji?"

Wannan tayin na ƙarshe yana sayar da kaya fiye da kowane kirari, saboda haka a ware gora guda kullum domin ɗanɗanon masu saye, a lissafa ta cikin kuɗin gudanar da shago. A kuma koya musu abin da yake tafiya da abinci. Zoɓo mai tsami da lemon tsamiya suna yanke maiƙon tsire, balangu da ƙosai. Kunun aya yana kwantar da yajin kilishi da na gurasa bandabanda. Wanda ya ce zai tafi da kunun aya Wudil ko Bichi da tsakar rana ba kula, a gaya masa gaskiya cewa ba lallai ya kai ba, a ba shi zoɓo ko tsamiya. Rasa cinikin gora ɗaya ya fi sauƙi a kan hoton kunu mai yauƙi da sunan shago yana yawo a WhatsApp.

Matasa da yawa suna yin oda ne ta Instagram ko WhatsApp, don haka jimlolin nan da aka rubuta a mataki na huɗu a tace su, a zaɓi mafi kyau ga kowane abin sha, su zama su ne amsar mai riƙe da wayar shago. Ta haka abin da aka faɗa a waya zai yi daidai da abin da aka faɗa a cikin shago.

Akwai iyakoki uku da ya kamata a ja musu. Na farko, ma'aikaci ba likita ba ne: kada ya ce zoɓo yana maganin hawan jini ko kunun aya yana ƙara wani abu, mai juna biyu ko mai ciwon sukari ko mai shan magani idan ya yi tambaya a faɗa masa abin da aka zuba a ciki, a bar sauran ga likitansa. Na biyu, a faɗi gaskiyar kayan haɗi, idan an saka kala ko ƙamshin kwalba a ce an saka, idan akwai madara ko gyaɗa a ambata, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka. Na uku, kada a yarda a zuba wa kowa wani abin da ya zo da shi a cikin gorar shago. Kano ta sha fama da matsalar shan maganin tari mai kodin tsakanin matasa kafin gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, kuma shagon da aka san ana haɗa irin wannan a cikinsa ya gama yawo.

8. Ruwan inabin kwalba na biki

Shagunan da suke haɗa kayan biki sukan sayar da ruwan inabi mai iska a dogayen kwalabe, kuma amare da ƙawayensu suna yawan tambaya a kansa. A nan karatun takardar jikin kwalba ya riga ɗanɗano. A koya wa ma'aikata su nemo lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi, da adadin barasa da aka rubuta. Wanda aka yi da ruwan inabi zalla aka ƙara masa iska daban yake da wanda asalinsa giya ce aka cire mata barasa, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a kira abin sha marar barasa ko da yana ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100. Don haka a tsaya a kan wanda takardarsa ta nuna ruwan 'ya'yan itace ne kuma aka rubuta 0.0, duk kwalbar da aka yi shakkarta a mayar wa dila. Bayan an tabbatar, a buɗe farar guda da ja guda a ɗanɗana su da matakan nan uku. Za su tarar akasarinsu zaƙi ne ya rinjaya, shi ya sa sai da sanyi sosai suke shiga, kuma iskarsu takan gudu ba da jimawa ba bayan buɗewa, saboda haka a shawarci masu biki kada su buɗe sai za a zuba.

9. A mayar da shi aikin kullum

Zama huɗu ko biyar a cikin wata guda sun isa a bi waɗannan matakan, amma harshe yana mantuwa idan aka bar shi. Kowace safiya, kafin a jera goruna, mutum biyu daga cikin waɗanda suka ci gwajin kofi uku su ɗanɗana kowane haɗi, su rubuta kwanan wata, sunan wanda ya haɗa da makin da suka bayar a littafin shago. Idan makin ya kauce wa wanda aka saba da fiye da ɗaya, a gyara kafin a rufe goruna. Ranar da wuta ta daɗe ba ta zo ba, a sake duba kunun aya da azahar. Sabon ma'aikaci kada ya tsaya a kanta shi kaɗai sai ya bi mataki na biyu zuwa na biyar. Sannan a sake zaman gaba ɗaya idan sabon zoɓo ya shigo kasuwa bayan damina, wajen Nuwamba zuwa Disamba, domin sabo ya fi wanda ya shekara a buhu ja da tsami, kuma awon sukarin da ya dace da tsohon sai an sake gwada shi a kan sabon.